Tumatir Ya Nuna, Mota Ba Ta Zo Ba

Ya 'yan uwa, akwai abin dariya a labarin nan, kuma ba zan hana ku yi ba. Amma ku sani tun yanzu, mutumin da za ku ji ana yi wa guɗa gangara yake yi, kuma ba wanda ya tura shi.

An yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba. Tun kafin ruwan Tiga ya iso gonakinmu ya tafi Kano cin rani, ya zauna can. Ya sami aiki a kasuwar kayan gwari, wurin wani mai motocin kaya da ake kira Alhaji Uba. Aikinsa dako da lodi.

Kada ku raina aikin nan. Mutumin gwani ne. Ya san yadda ake rufe bakin kwando da busasshiyar ciyawa a ɗaure, ya san yadda ake gitta katako a jera kwanduna hawa-hawa, na sama bai danne na ƙasa ba. Tumatirin da ya loda sai ya isa Ikko bai zubar da ruwa ba. Direbobi har gardama suke yi a kansa. Yana ci, yana sha, yana aika wa mahaifiyarsa Iyatu atamfa da sabulu. Wane rufin asiri ya wuce wannan?

Ran nan mai hoto ya shigo kasuwa. Mutumin ya wanke fuska, ya jingina da sabuwar motar Alhaji, ya dafa ƙofa, aka ɗauka. Da zai aika wa Iyatu, mai rubutun wasiƙa ya tambaye shi abin da za a sa a baya. Ya yi murmushi ya ce, "Rubuta: ga ni da motata." A ransa wasa ne. Ya ce ai tsohuwa ce kaɗai za ta gani, ta ji daɗi.

Tsohuwa kuwa ta ji daɗi. Da aka karanta mata, sai ta rangaɗa guɗa, ta ɗaure hoton a bakin zane, ta bi gida-gida. Kafin ya zo Sallah sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Mai Mota.

Shekarar nan kuwa shekarar farin ciki ce. Kuɗin Udoji, ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, sun cika gari, kowane saurayi da rediyo a kafaɗa. Ga shi a ranin nan ne aka fara sako ruwa a magudanar da ta bi ta bayan ƙauyen. Tsofaffin da suka ga farin shekarun baya suka tsaya a bakin ruwa suna kallo, wasu na hawaye, wasu na dariya. Fakon da akuya ma ba ta tsayawa a kai ya zama kore shar. Samarin da suka saba tafiya cin rani suka kwance kayansu. Malaman gona suka zo da iri, kowa ya dasa tumatir, har liman.

A cikin wannan murna mutumin ya sauka, da sabuwar riga da tarin makullai a hannu. Makullan kwaɗo ne ya tsinto a kasuwa, amma suna ƙara in an kaɗa su. Adama taubashiyarsa ce ta fara tare shi a bakin hanya.

"Mai Mota, sannu da zuwa! Ya na ga akori-kura ta sauke ka kamar buhun dusa?"

"Ke Adama, ba ki san kasuwa ba. Motar da ke kan hanyar Ikko ake kawowa yawon Sallah?"

"Au, ashe ƙwaya ɗaya ce tal. Ni na ɗauka wani abin kirki ne."

"Wa ya ce miki ɗaya ce?"

Kun ji yadda mota ta haihu. Kafin a watse daga idi sun zama biyu. Kafin naman Sallah ya ƙare sun zama uku, ɗaya tana gareji.

Aka shimfiɗa masa tabarma kusa da dattawa. Ana yanke magana sai a juyo a ce, "To, me Mai Mota ya gani?" Aka sa wa wani jariri sunansa. Shi kuma ya iya zance. Ya ba su labarin direbobinsa, wane malalaci ne, wane ya cika gudu. Ya ba su labarin gadar Jebba kamar shi ya gina ta, alhali bai taɓa wuce Zariya ba. Mutane suna ta dariya, suna sa masa albarka. Ba mugu ba ne, ya 'yan uwa. Bai karɓi ko kwabon wani ba. Girman kawai yake sha, kamar mai shan zuma da yatsa.

Sai tumatir ya fara ja.

Wanda bai noma tumatir ba bai san halinsa ba. Dawa tana jira a rumbu, gyaɗa tana jira a buhu, shi kuwa ba ya jiran kowa. In za a kai shi nesa, ana tsinkarsa ne yana ɗan ja-ja, a ranar da mota za ta ɗauka. In ya shiga kwando, kwanakinsa ƙidayayyu ne.

Ranar wata Litinin mutumin ya sake zuwa daga Kano don wani suna. Bayan la'asar ana zaune a dandali sai ga Dalhatu, wani direba mutumin Kura, ya faka motarsa ya yi sallama. Ya ce ya ga gonakinsu sun nuna, in suna so ranar Alhamis zai ɗebe musu zuwa Ikko. Sarkin noman ƙauyen, Baballe, ƙanen mahaifin mutumin ne. Ya gyara zama ya ce:

"Dalhatu, mun gode, Allah ya bar zumunci. Amma ga ɗanmu a zaune da motoci uku, mu ɗora kayanmu a motar wani? Me za a ce da mu? A ce mun raina na gida?"

Dattawa suka ce gaskiya ne, abin kunya ne.

Dalhatu ya juyo ya dubi mutumin. Ya san shi sarai, don sau da yawa shi ke yi masa lodi. Amma ɗan mutunci ba ya kwance wa mutum zane a gaban iyayensa. Sai ya buɗe masa ƙofa a hankali, ya ce, "Ko dai motocin suna hanya ne? In ba za su samu dawowa ba, ai ba laifi, ni da kai duk ɗaya ne."

Ya 'yan uwa, ku dubi sauƙin da Allah ya kawo masa. Kalma ɗaya ce, ya ce suna hanya, shi ke nan. Amma ya ɗaga ido ya ga mutane sun zuba masa ido, ya hango Adama a bakin zaure tana murmushi. Sai ya kaɗa makullai.

"Baffa, a tsinka ranar Alhamis. Biyu za su zo."

Aka ɗau sowa. Dalhatu ya ɗauka ko ya riga ya shirya da maigidansa ne, ya ce Allah ya ba da sa'a, ya tafi ya ba manoman wajen Kadawa ranar.

Da safiyar Talata mutumin ya koma Kano. Dabararsa ita ce ya roƙi Alhaji Uba mota ɗaya, in ta zo ya ce ɗayar ta lalace. Alhaji ya ce duk motocinsa suna Ikko sun kama layin siminti, ba mai dawowa sai bayan mako. Ya ga mutumin ya durƙusa yana gumi, ya matsa masa da tambaya, har ya fito da zancen duka. Alhaji ya yi dariya har ya riƙe ciki. Sannan ya daina.

"Ashe ni yaronka ne ban sani ba? Wanda ya mallake motata da baki, gobe me zai mallake? Tashi ka ba ni wuri."

Ya bi kasuwa daga wannan direba zuwa wancan. Tsakiyar kakar tumatir ce, kowace mota da mai ita, kowace rana da alkawarinta.

Saura Laraba. Wannan ranar ce take hana ni sukuni in na tuna. Tumatir yana jikin uwarsa, ba a taɓa shi ba. Daga Kano zuwa ƙauyen ba ta kai tafiyar awa biyu ba. Da ya je ya ce kada a tsinka, da an nemi wata hanya, da ba a yi asarar ko kwando ɗaya ba. Kuma ya je tasha. Har ya ɗora ƙafa a mota. Sai ya tuna tabarmar nan ta kusa da dattawa, ya tuna jaririn da aka sa wa sunansa, ya ji kamar Adama na cewa buhun dusa. Ya sauke ƙafarsa. Ya ce a ransa watakila gobe Allah ya kawo wata mota.

Mutum ya shuka ƙaya, sannan ya ce Allah ya fitar masa da gero?

Ranar Alhamis tun hantsi bai ɗaga ba gari ya fita gona, har da mai kalangu. Maza na tsinka, mata na tsincewa, ana waƙa ana tsokanar juna. Kafin azahar kwando sama da ɗari biyu sun jeru a bakin titi. Iyatu ta dafa shinkafa don direbobin ɗanta. Duk ƙugin da aka ji sai a miƙe a ce ga ta nan, sai ta wuce. Aka ce hanya ce. Juma'a aka ce ko taya ce. Ranar Asabar ruwa ya fara ɗiga daga gindin kwanduna, ƙudaje suka sauka. Baballe ya sa hularsa ya nufi Kano.

Bai sha wuya ba. Yana shiga kasuwa ya tambayi Mai Mota, ba wanda ya san shi. Ya faɗi sunansa na yanka, aka nuna masa. Ga shi can tafe da gammo, kwandon wani a kansa, ruwan tumatir na bin wuyansa. Suka yi ido huɗu. Mutumin ya rasa inda zai ajiye kayan, ya tsaya da shi a ka.

Baballe bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, wannan ne aikin?"

"Shi ne, Baffa."

"To ina aibinsa? Da ka ce mana kai ɗan dako ne, wallahi da mun ce Allah ya yi albarka. Ubanka da jaki ya yi fatauci, wa ya taɓa zaginsa? Zo mu tafi gida, ka faɗa da bakinka."

Mutumin ya ce zai biyo baya. Baballe ya jira shi a tasha har la'asar, sannan ya hau mota shi kaɗai.

Da labari ya iso bakin titi, Adama ce ta fara miƙewa. Ta ɗaure ɗankwali ta ce, "To, sai mu zauna mu yi masa zaman makoki? Kowa ya ɗauko wuƙa! Kakanninmu da mota suka san tumatir?" Aka share fako, aka shimfiɗa tabarmi da buhuna. Aka zazzage kwanduna, aka ware wanda ya ruɓe, sauran aka yi ta tsagawa biyu ana shanyawa, don a yi kauɗa. Kwana uku ana yi. Mai kalangu ya dawo. Liman ya yanke yatsa, mata suka sa shi a waƙa, shi ma yana dariya. Iyatu ta fito da wuƙarta ta zauna a gefe, kai a sunkuye. Adama ta ja tabarmarta ta koma kusa da ita, tana ta ba ta labarin banza har sai da tsohuwa ta murmusa. Ba wanda ya goranta mata.

An yi asara, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi juji, kuma akwai gidajen da abin ya taɓa ƙwarai. Amma rana ta yi kyau, kauɗa ta bushe ja wur. Da damina ta faɗi, ɗanyen tumatir ya ɓace a kasuwa, sai ga fatake har ƙofar gida suna nema. Tsinka ta biyu kuwa Dalhatu ya ɗebe. Allah bai tozarta mutanen nan ba.

Wanda ya tozarta shi ne wanda ya fi kowa gudun tozarci. Ya rasa maigida, ya rasa gida, ya rasa fuskar da zai dubi uwarsa da ita. A kasuwa ma labari ya bazu, in ya ɗauko kaya sai a ce a ba Mai Mota hanya. Bai yi wata guda ba ya ɓace.

Ya 'yan uwa, kayan aro ba ya rufe katara. Ƙaryar da ka yi don a girmama ka, wata rana wani zai jingina abincin 'ya'yansa da ita. Ni uba ne, samarina biyu suna birni, kuma duk zuwan da suka yi ina kasa kunne in ji yadda suke faɗin aikinsu. In ɗanka ya ce shi yaron shago ne, ka sa masa albarka a gaban mutane, da ƙarfi, don kada ya ga sai ya zama mai shago kafin a shimfiɗa masa tabarma. Mu ma da namu laifin, mu da muke tashi tsaye don makullai, mu zauna don gammo. Kai kuma saurayi, in ka riga ka faɗi abin da ba haka ba, ka koma ka gyara tun kayan mutane suna jikin uwarsu. Kunyar yini ɗaya ce.

Allah ya kiyaye mu da 'ya'yanmu daga son girman da ba namu ba. Allah ya sa mu yarda da abin da ya ba mu, ya sa masa albarka, ya shiryi wanda ya ɓata, ya mai da shi gida. Amin.

Wasu sun ce sun gan shi a Jos, wasu sun ce Ibadan. Baballe ya aika neman sa sau biyu. Har yau ba mu san inda yake ba, ba mu kuma sani ba ko ya ji cewa an daɗe da yafe masa.