Ƙanƙarar da Ta Yi Gunji a Ƙarƙashin Hamidou

Akwai wani mutum mai suna Hamidou, yana sayar da huluna a Fordham Road. Kafin ya zo New York, shekara goma sha biyar ya yi yana jan mota a saharar Agadas.

'Yar ƙanwarsa Zuweira ce ta koya masa zamiya da katako a kan dusar ƙanƙara. Wata Asabar ta kai shi duwatsun arewacin jihar, can bayan daji inda ba mai gyara hanya.

Sun kai tsakiyar wata gangara mai tsayi, sai ƙasa ta ce "wum" a ƙarƙashinsu, sau ɗaya. Babu iska, babu kukan tsuntsu.

Zuweira ta ciro shebur ta haƙa rami. Saman ƙanƙarar da tauri kamar daɓe, amma ƙasanta yana zuba daga hannu kamar sukari.

Ta ce, "Kawu, mu koma. Ba abin da ke riƙe da saman nan."

Ya buga ƙafa ya yi dariya. "Ke da aka haifa a unguwar Highbridge ta New York za ki koya mini ƙasa? A sahara rairayi mai laushi ke haɗiye mota, mai tauri shi ake bi. Matsa, 'yar boko!"

Ya tura kansa gaba.

Wata tsaga ta fita daga bakin katakonsa, ta ratsa gangarar shiru. Dukan saman ya ɓalle, ya tafi da shi.

Da ƙurar ta kwanta, wurin ya yi fari fat, kamar ba a taɓa taka shi ba. Zuweira ta bi tana soka wani dogon ƙarfe cikin ƙanƙarar tana kiran sunansa. A minti na goma ƙarfen ya taɓa abu mai laushi.

Ta tono shi da rai, bakinsa cike da ƙanƙara, ƙafa ɗaya a karye.

Sai a asibiti ya yi magana. Ya riƙe hannunta ya ce, "Da nake binne, ina jin takunki a kaina. Sau biyu kika wuce ni. Na kira ki, ni kaina ban ji muryata ba."

Darasi: Sanin da ka yi a wata ƙasa ba shi ne sanin kowace ƙasa ba. In wanda ya san wuri ya ce ka koma, ka koma, ko a hannunka ya girma. Ku tura wa masu taurin kan gidanku.