Ƙofar da Maƙiyi Bai Bi Ba

Wai da sarkin ƙetare ya gaji da turo mayaƙa, sai ya koma hayar maɓarnata a ɓoye. Da rumbunan gari suka ƙone, Hakimi ya sa aka ɗaure Jatau mai tsaron ƙofa, ya ce wa uwarsa Gwamma, "Nuna min sawun maƙiyin da ya shigo, ko ɗanki ya baƙunci lahira."

Gwamma ta ce, "Ranka ya daɗe, dogarai sun ga baƙo a gari?"

Sarkin Dogarai ya bugi ƙirji. "Ko ƙuda bai gifta ba!"

"To ashe ɗana ya tsare ƙofarsa. Da ɗan gari akan ci gari. Cikin garin fa, wa ke tsaronsa?"

Hakimi ya daɗe yana duban Sarkin Dogarai, sannan ya ce, "A kwance Jatau. Amma kada a yar da igiyar."