Mutumin da Ya Tare Hanyar Makara

An yi wani mutum a wani ƙauye kusa da Tsanyawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da rai, kuma ɗan'uwanmu ne.

Ya daɗe a birni, sai ya dawo da wata dabara mai kyau. Ya sayo ɗakunan katako guda shida, irin waɗanda ake kawowa gunduwa-gunduwa a mota, a harhaɗa su cikin yini biyu, da sola a saman rufi. Ya jera su ƙarƙashin ɗorawoyin gonar gadonsu, don mutanen birni su riƙa zuwa hutu. Wannan duk halak ne, ya 'yan uwa.

To, akwai 'yar siririyar hanya da ta ratsa gonar tun zamanin kakanni. Ta nan ake bi da gawa zuwa maƙabarta. Ya kewaye gonar da waya, ya sa ƙofar ƙarfe. Yayarsa Sauda ta ce masa, "Kai ƙanena, ko Baba da yake da taurin kai bai taɓa shuka a kan hanyar nan ba." Ya ce, "Yaya, baƙina shiru suka zo nema."

Ranar da tsoho Ɗanliti ya rasu, masu makara suka iso ƙofar, baƙi na zaune suna shan shayi. Mai gonar ya fito da sauri yana rage murya: "Don Allah ku zagaya." Liman ya dube shi, ya ce, "To." Suka zagaya ta cikin gero, makara a kafaɗa, ganye na yankar fuskokinsu.

Babu wanda ya zage shi. Mai kawo fura dai ta daina zuwa, masu shara ma haka. Duk manomin garin ya san akwai tsohon suri a gabashin gonar, amma wa zai faɗa masa? Gara ta ci ƙafafun ɗakunan, suka karkace ɗaya bayan ɗaya. Baƙi suka ɗauke ƙafa.

Da ya gane, ya cire ƙofar da hannunsa, ya naɗe wayar. Amma ciyawa ta riga ta rufe hanyar, mutane sun saba da zagaye. Yanzu yana zaune a ɗaki guda da ya rage. Yakan hango masu makara can nesa, ya miƙe tsaye, ba mai waiwayowa.

Ya 'yan uwa, me zai ragu da shi da ya buɗe ƙofar nan na minti biyu? Ku nemi arzikinku, ku karɓi sabon abu, babu laifi. Amma kada ka tare wa jama'a haƙƙinsu don ka faranta wa baƙo, domin baƙo ba ya ɗaukar makararka.

Wanda ya san mutumin nan, ya daure ya je ya yi masa sallama. Allah ya yafe masa, mu kuma Allah ya kiyaye mu.