Zanen da Gizo Ya Aika Ƙetare

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Gizo ne ya tsaya a bakin kasuwa yana buga ƙirji. Ya ce, "Wai Ƙoƙi ta yi yaji? Zane ɗaya zan saƙa mata. Ran kasuwa mai zuwa za ku gan ta nan tana rangwaɗa a cikinsa!"

Da ya koma gida kuwa, tsit. Murhu ya yi sanyi, ko kaza babu a tsakar gida. Ya yi sallama, ya amsa wa kansa. Ƙoƙi tana can ƙetaren kogi, gidan gwaggonta Beguwa maɗinkiya. Abin da ya kore ta, Gizo ya yi ta zuba, bai taɓa tsayawa ya ji amsa ba.

Ya zauna shi kaɗai ya saƙa siraran ƙyallaye, ya kira Tsattsewa, shugabar masu kai saƙo.

Ta ce, "Malam Gizo, zane ya fi ƙarfin bakinmu, sai ƙyalle-ƙyalle. Ga ƙa'idarmu. Ka fara kira ka ji ko suna nan. Kowane ƙyalle ka yi masa ƙulli, na fari ɗaya, na biyu biyu, don Beguwa ta san yadda za ta jera. Wanda ya isa, za ta doka turmi, dum! In ba ka ji ba, ka sake saƙa irinsa ka aika."

Gizo ya ce, "Ni zan zauna jiran turmi? Ku kwashe!"

Suka kwasa. A tsakiyar kogi iska ta fizge ɗaya, ya faɗa ruwa. Tsattsewa ta dawo ta ce, "Ka ji turmi?"

Ya ce, "Ya isa mana! Ku kwashe!"

Suka kwasa. Shirwa ta kawo sura, ta yi gaba da biyu. "Malam Gizo, ka ji turmi?"

"Waƙa nake yi, kada ki dame ni. Ku kwashe!"

Suka kwashe sauran, na ƙarshe ya riga na farko isa. Da ƙyallayen suka ƙare, gidan ya ƙara yin shiru. Ya leƙa ɗakin Ƙoƙi, ya share, ya shimfiɗa mata tabarma, ya zauna a gefe yana kallon ƙofa.

Ran kasuwa ya tara jama'a a mashigi, har da makaɗa. Sai ga Kada ya ɓullo da ƙyalle naɗe a ka kamar rawani. "Na gode, Gizo, ya yi mini cif!" Sai ga Shirwa ta gifta, ɗaya a wuya, ɗaya a ƙafa. Dariya ta ɓarke.

Can sai kwalekwale ya iso. Ƙoƙi ta miƙe cikin tsohon zanenta, ta ɗaga wani ɗan abu karkatacce, ko kan jariri ba zai rufe ba.

Gizo ya ce, "Ai... ai sabon yayi ne!"

Ta ce, "Maigida, ba zanen ne ya dame ni ba. Duk ƙyallen da ya iso, ni na karɓi taɓarya a hannun Gwaggo na doka da kaina, har tafina ya yi kanta. Na ce in ya sake aiko da waɗanda suka ɓata, to ya koyi saurare, in tattara in koma. Ka ji turmin?"

 Kowa ya zuba wa Gizo ido. Ƙoƙi ta aje ɗan ƙyallen a bakin ruwa, ta ce wa mai kwalekwale ya juya.

To kun ji, jikokina. In kun aika, ku kasa kunne ku ji ko ya isa. In kun yi magana, ku bar wa mutum wurin amsawa.

Ƙungurus kan kusu! Wanda ya ji ni ya ce "dum", in ba haka ba in sake ta daga farko.