Kwana Tara Suka Rage a Takardar Yolanda

Akwai wata mata a unguwar Bronx ta birnin New York, sunanta Yolanda Pruitt, tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Gobara ce ta raba ta da gidanta, ta koma masaukin marasa gida ita da mahaifiyarta, Mama Earline. Ɗaki ɗaya aka ba su a hawa na huɗu, lifta kuwa ta daɗe da lalacewa.

Gwiwoyin Mama Earline sun gama aiki. Wata bakwai ba ta taka ƙasa ba, duniyarta ta tsaya tsakanin gado da taga.

Ana nan sai Yolanda ta samu takardar tallafin haya, wadda gwamnati ke biyan kaso mai tsoka na kuɗin hayar, mai takarda ya cika sauran. Amma kwana ɗari da ashirin aka ba ta ta nemo gida. In wa'adin ya wuce ba ta samu ba, tana iya komawa ƙarshen layi, layin da ta shekara shida a kansa.

Ta duba gida ya fi arba'in. Kowane mai gida da fara'arsa, har sai ta ambaci takardar. Daga nan sai ka ji wai "yanzun nan wani ya kama". Wasu ma ta saƙon waya suke sallamarta. Ita kuma baiwar Allah sai ta goge saƙon nan take, don ganinsa kawai kunya yake ba ta, kamar an kama ta tana roƙo.

Saura kwana tara ta ga wani gida a ƙasan bene, babu matakala ko ɗaya. Mai gidan, Mista Dombrowski, har kofi ya ba ta.

"Mai kula da tsofaffi? Ai irinku nake nema, 'yata. Yaushe za ki tare?"

"Ko gobe, yallaɓai. Ina da takardar tallafi, gwamnati za ta riƙa..."

Bai bari ta ƙarasa ba. "Af, na manta, akwai wanda ya riga ki."

Washegari ta ga tallan gidan yana nan a intanet, ta yi masa saƙo tana roƙo. Shi da yake ganin babu mai taka masa birki, sai ya rubuta mata gaskiyar cikinsa: "Gidana ne, ni nake zaɓa. Ba na sa 'yan takardar gwamnati."

A ɗakin hutun ma'aikata ta karanta, hawaye na zuba. Ta kai yatsa za ta goge kenan, abokiyar aikinta Pearlie ta fizge wayar.

"Ke, me za ki yi?"

"Gogewa zan yi mana. Ajiye shi zan yi in riƙa kallo?"

"Lallai ma! Mutum ya rubuta laifinsa da hannunsa, ke kuma za ki wanke masa? A garin nan doka ta hana mai gida ya ƙi ki saboda inda kuɗin hayarki ke fitowa. Albashi ne, fansho ne, tallafi ne, duk ɗaya."

"Pearlie, bar ni da wasa. Gidansa ne fa."

"Gidansa ne, amma garin ba nasa ba ne. Tashi, sarkin kunya, mu je."

Ta ja ta zuwa wata ƙungiyar kare haƙƙin 'yan haya. Lauyar da suka samu ta karanta saƙon, ta ɗago kai. "Sauran masu gidan fa, akwai abin da suka rubuto?"

"Na goge su duka."

Ni kuwa da aka ba ni labarin nan sai da raina ya ɓaci, don duk masu gidan da suka turo saƙo sun sha a banza. Ƙungiyar ta sa mata biyu suka kira Mista Dombrowski a rana ɗaya. Ta farko ta ce albashi take ɗauka, ya ce ta zo ta gani. Ta biyu ta ce takardar tallafi gare ta, ya ce an kama gidan.

Kwanaki na ta tafiya. Yolanda ba ta iya gaya wa uwarta ko kwana nawa ya rage ba. Kullum ta dawo aiki sai tsohuwa ta juyo daga taga ta ce, "Yaya dai?" Ita kuma ta ce, "Ana kai, Mama."

Saura kwana biyu lauyar ta ajiye wa Mista Dombrowski saƙonsa da bayanin kiran nan biyu, ta ce ko ya sa hannu a takardar hayar, ko su haɗu a gaban hukuma da tara mai nauyi. Mai cewa "ni nake zaɓa" ya nemi biro da kansa.

Bayan jami'an tallafin sun duba gidan, maza biyu ne suka sauko da Mama Earline a kan kujera. A bakin sabuwar ƙofarta Yolanda ta ba ta labarin yadda aka yi, tun daga farko.

Tsohuwa ta ce, "Wannan dokar, yaushe aka yi ta?"

"Ta fi shekara goma, Mama."

Mama Earline ta daɗe tana kallon 'yarta. "Wato duk zaman da na yi a saman can, dokar tana nan?"

Sai Yolanda ta fashe da kuka.

Darasi: Rashin sani ya fi dare duhu. Karɓar tallafi ba abin kunya ba ne, wanda ya wulaƙanta ka saboda shi ne ya kamata ya ji kunya. Ka tambayi abin da dokar garinku ta ce, kuma kada ka goge hujjarka da hannunka. Kai kuma mai gida, ka tuna akwai wanda ya fi ka iko. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai shirin goge nasa saƙon yanzu haka.