Mai Rake da Tulun Kwabbai

Akwai wani mutum mai sayar da rake a bakin kasuwa. Yana zaune da matarsa a ɗaki ɗaya na jinka, ɗakin kuwa yana yoyo. Tun shekarar da aka kawo ta ya yi mata alkawarin rufin kwano. Ba malalaci ba ne, ba mashayi ba ne, kada wani ya ce na ce haka. Yana fita da sassafe, yana dawowa da abin da Allah ya ba shi.

Ya taɓa ɓoye takardun kuɗi a cikin jinka, gara ta cinye su. Daga ranar ya ce shi da ajiye takarda har abada, sai ƙarfe, gama gara ba ta cin ƙarfe. Ya haƙa rami a ƙarƙashin gado, ya binne babban tulu, ya bar bakinsa a waje. Kowace yamma yakan zuba kwabban da ya samu. In wani ya biya shi da takarda, sai ya bi kantuna yana canza ta da kwabbai.

Da fari masu kanti sukan hana shi, don su ma suna bukatar canji. Da shekaru suka ja, sai su suka koma kiransa. Har kujera ake ba shi, a juye masa kwabbai gwangwani guda. Shi kuwa yana jin daɗi, yana cewa an san darajarsa a kasuwa. Bai taɓa tambayar kansa ba me ya sa ɗan kasuwa yake murmushi yana rabuwa da abinsa. Ni da nake sayar da manja, ranar da wata ta karɓi farashina na farko ba ciniki, sai na sake duba kwalbar da kyau. Gaskiyar magana, kaya sun yi tsada a ƙasar, ba abin da kwabo yake saye kuma. Mai kanti ya gwammace ya miƙa maka alewa ko ashana a bakin canjinka. Kowa yana neman inda zai sauke ƙarfensa, ga kuma mai rake yana bi yana kwasa.

Yoyon kuwa daidai kan gado ya fi yawa. Gadon ba ya matsuwa, don shi ne ya ɓoye tulu. Saboda haka duk damina matar takan sauka kan tabarma, tana jan ta daga wannan lungu zuwa wancan, tana jera ƙorai da tasoshi suna tarar ruwa. Ta sha gaya masa ya riƙa sayen kwano falle ɗaya ɗaya kamar yadda maƙwabcinsu ya yi, ko kan gadon ne a fara rufewa. Sai ya ce shi ba zai ɗauko falle ɗaya a ka kamar mai talla ba. Ranar da tulu ya cika, bandir guda na kwano zai shigo da shi a amalanke, duk unguwa ta fito ta gani. Ta ci gaba da jan tabarmarta.

Ana nan sanyin ƙasa ya kama mata ƙirji, tari ya zauna mata. Ƙaninta ya zo dubiya daga ƙauyensu. Kun san ƙanin mata da baki. Ya gaishe shi da attajirin ƙarƙashin gado, ya tambaye shi ko tulun ya kwana lafiya, tun da shi ne aka ba wuri mai kyau. Suka yi dariya. Da zai tafi sai ya bar wasa, ya ce, "Maigida, in ruwan fari ya sauka Yaya tana kan tabarmar nan, zan zo in ɗauke ta. Ɗakina ba ya yoyo."

A bazarar nan tulu ya cika. Mutumin ya tono shi, ya juye a buhuna, ya yi hayar amalanke zuwa wurin mai sayar da kwano. Mai kwano ya buɗe buhu ɗaya, ya leƙa, ya ɗaure shi yadda ya same shi. Mutumin ya ce ai kuɗin ƙasa ne, ba wanda ya soke su, doka ta hana a ƙi su.

Mai kwano ya ce, "Baba, ban ce ba kuɗi ba ne. Amma in na karɓa, wa zan kai wa? Kai ne kake saye, kai kuma ga ka nan kana sayarwa. Je ka banki."

Ya tafi banki. Ma'aikacin banki bai wulaƙanta shi ba. Ya ce masa lalle kuɗi ne, za su karɓa, amma ba a cuɗe haka ba. Ya ce ya koma ya ware kowane iri daban, ya ƙulla a ƙananan jakunkuna. Ya koma gida, shi da matar suka zauna suna warewa, tana yi tana tari. Ya mayar, aka ce mai duba ƙarfe ba ya nan, ya dawo wani mako. Ya dawo, layi ya ƙare kafin a zo kansa. Kowace tafiya kuma mai amalanke yana karɓar nasa, da takarda. Hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Daga ƙarshe suka karɓa. Suka ture masa waɗanda suka yi tsatsa da waɗanda suka lanƙwashe, suka ba shi takardu a madadin sauran. Abin da amalanke ya kawo, aljihun rigarsa ya ɗauke bai ko kumbura ba. Ya kai wa mai kwano. Falle uku ya saya. A ka ya ɗauko su, kamar mai talla.

Yana hanya ruwan fari ya sauko. Da ya iso gida ya tarar da ƙanin matar a ƙofa, an riga an ƙulle kayanta a zane. Ya sauke kwanon a gaban matarsa. Ta duba kwanon, ta dube shi, ta ce, "Ban yi fushi ba, Maigida. Na gaji da jan tabarma ne."

Suka tafi. Bayan haka kafinta ya zo ya ɗora fallen ukun daidai kan gado. Ya ga kwabban da banki ya ƙi, ya ce a ba shi, ya huda su, ya sa a ƙarƙashin kan ƙusa don kada ruwa ya bi ramin. Iyakar aikin da suka yi wa rufin ke nan. Gadon ya daina jiƙewa, mutumin yana kwana a kai shi kaɗai.

Ma'anar wannan misali ita ce, kwabban nan su ne ƙananan alheran da Ubangiji yake sa mana a hannu kowace rana: gaisuwa, kofin koko ga marar lafiya, kalmar "yafe mini", ɗan taimakon da bai kai a yi shelarsa a majami'a ba. Tulun kuwa shi ne "sai na samu da yawa". Ku lura, 'yan'uwa, ɓarawo bai saci kuɗin mutumin nan ba, gara ba ta ci ba, ba jabu ba ne kuma. Lokacinsu ne ya wuce suna cikin ƙasa. An ba shi su don ya kashe a ranarsu, girman kai ya sa ya binne, yana jiran ranar da unguwa za ta tafa masa.

Na san abin da nake faɗa. Maigidana ya daɗe a kwance. Waɗanda suka leƙo ba su da yawa. Ranar jana'iza kuwa sai ga buhunan shinkafa, ga rumfa, ga jawabi mai tsawo a kan kirkinsa. Ban raina ba, na gode, na dafa an ci. Amma shi bai ɗanɗana ba. Ban roƙi kowa ba a lokacin, yanzu ma ba roƙo nake yi ba. Manjana yana ciyar da ni.

Haka yake da tuba. Wani yana cewa sai ya tsufa zai ba Allah ransa gaba ɗaya, bandir guda. Allah ba kamar mai kwano ba ne, ba ya ture ɗan abin da ka kawo yau don ƙanƙantarsa. Amma yau ɗin ce ba ta jira.

Baba Irmiya na majami'armu yana kwance tun kafin Ista, matarsa Mama Damaris ita kaɗai take juya shi, bayanta ya ƙage. Na ji ana cewa za a kafa kwamiti a tara masu gudummawa mai kauri bayan girbi. To, Allah ya kai mu girbin, ya kai shi. Ni dai in an tashi sujada zan bi da ɗan kunu. Gidan yana bayan injin niƙa. Duk kun san hanya.