Sanata Dorina da Kujerar Tsakiyar Kogi

Ga ta nan, ga ta nanku, yau ko a jiƙe ta zo!

Ta zo mu ji ta, ko za ta tsoma mu a ruwa.

To, ku gyara zama. A dajin Bakin-Gulbi aka yi wannan, shekarar da namun daji suka gaji da mulkin mai ƙarfi, suka ce su ma ƙuri'a za su jefa. Gwanki ya fito takarar shugaban ƙasa. Ga ƙaho, ga tsayuwa, ga farin jini, amma duk magoya bayansa 'yan tudu ne. Mutanen ruwa, kifaye da kadoji da kwaɗi, ko kallo bai ishe su ba. Dole ya nemi mataimakin da zai jawo masa su.

Dila shi ne mai yi wa Gwanki kamfen. Shi ke gaba yana kirari, shi ke baya yana suɗe kwano. Tuni ya naɗa kansa mataimaki a zuci, don ya lura da wani abu: Gwanki ciyawa yake ci, saboda haka duk naman da za a kawo gaisuwa fada, mataimaki ne zai yi maganinsa. In ya tuna da haka sai miyau ya tsinke masa, har ya manta abin da yake cewa a tsakiyar kirari.

Ana nan, ana nan, wata safiya Gwanki ya ce, "Dila, na yi tunani. Sanata Dorina nake so ta tsaya mini mataimakiya."

Dila ya ce, "Ranka ya daɗe, wace Dorina? Ta tsakiya?"

"Ita fa."

"Wadda ba a san inda ta dosa ba?"

Gwanki ya ce, "Shi ya sa zan kai maganar majalisa. A tattauna a gaban kowa, in ta dace ta dace."

Bari in faɗa muku yadda majalisar dattawan take. A mashaya take zama, inda kogi ya tsuke tsakanin duwatsu biyu. Ta sama akwai gurbi mai zurfi, nan sanatocin ruwa suke. Ta ƙasa ruwa kaɗan ke gangarowa iya idon sawu, nan sanatocin tudu ke tsayawa. Rigimarsu ɗaya ce tun kaka da kakanni. 'Yan tudu su ce a sako ruwa, 'yan ruwa su ce a tare. A daidai matsatsin nan kuwa Dorina take, ba a ganin komai nata sai ido da kunne da ƙofofin hanci. Kowa ya ɗauka wani dutse ne a ƙarƙashin ruwan yake tare kogin, ita kuma ta samu wuri ta baje a kansa. In gardama ta yi zafi aka tambaye ta, sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "A ɗan rage, a ɗan ƙara." Ta mayar da idon ta rufe.

Ranar muhawara daji ya cika maƙil. Birai a kan rassa, tsuntsaye a kan birai. Gyado, jagoran 'yan tudu, shi ya fara.

"Ni ban yarda da ita ba. Bara da rani muka ce a sako ruwa, ta ce a ɗan rage, a ɗan ƙara. 'Yar ruwa ce, kunyarmu kawai take ji."

Kada, jagoran 'yan ruwa, ya ɗago kai. "Tamu? Allah ya kiyaye! Ciyawarku take ci. Muka ce a tare ruwa ɗungurungum, ta ce a ɗan rage, a ɗan ƙara. Ta sayar da mu tuntuni."

Wata tsohuwar Barewa ta ce a hankali, "Amma fa tun da na yi wayo ban taɓa zuwa mashaya na koma da ƙishi ba."

Wani Tarwaɗa ma ya leƙo ya ce, "Mu ma gurbinmu bai taɓa ƙafewa ba."

Dila ya ga maganar tana neman komawa yabo, sai ya yi tsalle ya hau kan suri.

"Jama'a, ku bari in faɗa muku gaskiya, ko da za ta yi ɗaci. Zaman tsakiya ba aiki ba ne, cin bulus ne! Ta juya dama ta ci ciyawa, ta juya hagu ta sha ruwa. Wa ya taɓa ganin guminta? Wa ya taɓa ganin ƙafarta ma? A ɗan rage, a ɗan ƙara, ai ko aku zai iya faɗa. Ni nan da wutsiyata zan riƙe kujerar nan ina gyangyaɗi!"

Wuri ya kaure da shewa, Dila ya kumbura. Kwaɗayi ya mantar da shi al'adar majalisar nan, Kada kuwa bai manta ba.

Ya ce, "Madalla, Dila. Dokar mashaya ce, duk wanda ya raina kujerar dattijo a bainar jama'a, sai ya zauna a kanta har a tashi zaman ranar. Bismillah."

Dila ya dubi ruwan. Ya ce a ransa, zama a kan dutse ne kawai, in na jiƙe na bushe, in na bushe na zama mataimaki. Ya bi ta kan duwatsu, ya dira a gadon bayan Dorina. Ya laluba da ƙafa ta dama, ya laluba ta hagu.

"Ranki ya daɗe, ina dutsen yake?"

Dorina ta buɗe ido biyu. Ba wanda ya taɓa ganin haka. Ta ce, "Wane dutse?"

Sai ta miƙe.

Wayyo jama'a! Ni da nake ba ku labari, tsigar jikina tashi take yi. Kai ya fito, wuya ya fito, kafaɗu suka fito, ba ta ƙare ba. Baya ya fito kamar rufin soro, ruwa na kwarara daga gare shi, ba ta ƙare ba. Inuwarta ta rufe majalisa. Birai suka yi tsit, tsuntsaye suka manta suna da fukafukai. A ɓarin jikinta na wajen tudu duk tabon ƙaho ne da kofato. A ɓarin wajen gurbi duk tabon haƙori ne, sabo kan tsoho. Ƙafafunta sun yi fari fat don daɗewa a laka. Ashe babu dutse, ba a taɓa yin dutse ba. Ita ce take tare kogin da jikinta. In ta ɗan karkata ruwa ya wuce, in ta ɗan gyara ya tsaya, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Tana ɗaga ƙafa ta taka gaɓa, kogi ya ɓalle da wata irin ƙara. Dila ya zame daga bayanta ya faɗa daidai kujerar da ya nema. Ko zama bai yi ba ruwa ya sure shi, ya nutsa shi, ya fito da shi, ya sake nutsa shi. Gyado ya arce wutsiya a sama. Gwanki da kansa sai da ya haye suri. Can sama kuma gurbi ya janye, kifaye na ta birgima a laka, Kada ya tsinci kansa a fili, ciki a waje, ba mutunci.

Dila ya samu saiwar kanya ya cafke da haƙori. Yana son ihu, in ya buɗe baki ya tafi. Sai idanu yake zarewa.

'Yan tudu suka ce, "Ranki ya daɗe, ki koma!"

'Yan ruwa suka ce, "Ranki ya daɗe, ki koma!"

Ran nan ne kaɗai bakinsu ya zo ɗaya. Dorina ta tsaya ta ɗan sha hantsi, ta lumshe ido, don rabonta da rana a ƙafafu ita ma ta manta. Sannan ta juya, ta taka, ta sauka, ta zauna. Kogi ya yi shiru kamar yaron da aka ba nono.

Aka tsamo Dila yana aman ruwa da 'yan kifaye. Jama'a suka yi masa zobe. Gyado na wasa haure a jikin dutse, Kada na tahowa da laka har ido. Dila ya duba gabas, ya duba yamma, ba hanya. Sai ya fashe da dariya.

"Alhamdu lillahi! Aikina ya yi kyau! Jama'a, da ban tsokane ta ba, yaushe za ku ga abin da kuka gani? Raina na sayar don ku san darajar uwarmu. Sanata Dorina ta dace da mataimakiya? Ta wuce nan! Amma ku tsaya. Mataimaki a fada yake zama, yau yana gabas gobe yana yamma. In ta tafi, wa zai zauna a can?"

Kowa ya juya ya dubi matsatsin. Gyado ya daina wasa haure.

Kada ya ce, "Ba inda za ta."

Gyado ya ce, "Ko taku ɗaya."

Gwanki ya sauko daga kan suri yana kakkaɓe jiki. Ya ce, "To, sai a nemi wani. Dila, tunda ka sha ruwan kogi ka kuma ci ƙasar tudu a rana ɗaya, kai ne."

Dila ya faɗi yana godiya, har da hawaye. A zuci kuwa ya fara yanka kitse.

Sai ruwa ya motsa. Dorina ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba, amma har ganyen kanya sai da ya girgiza.

"Na ji. Zan zauna. Na so in huta, amma zan zauna. Sharaɗina ɗaya. Tunda an hana ni fita, mataimakin shugaba shi zai riƙa yanko mini ciyawa kullum. In na gama ci, ya shiga ya sakace mini haƙori. Mai ƙaunata irin Dila ba zai ƙi ba."

Jama'a suka ce, "An yarda!" Dila ya nemi miyau a bakinsa ya rasa.

Aka yi zaɓe, Gwanki ya lashe ruwa da tudu. Aka yi ta kai naman gaisuwa fada, ungulaye na shagali, don mataimaki yana fadama da lauje. In hantsi ya yi ya iso mashaya da dami a ka. Dorina ta ci, ta ƙoshi, ta wangame baki. Dila ya tsaya a kan leɓenta yana kallon ciki: haure kowanne ya fi shi tsawo, maƙogwaro baƙi ƙirin ba a ganin ƙarshensa, numfashi na fitowa da ɗumi yana kwantar masa da gashi. Ya yi salati, ya ɗauki tsinke, ya shiga. Har yau ba ta ce ta yafe masa ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Shi dai yana sakace yana cewa, "Ranki ya daɗe, don Allah kar ki yi atishawa."

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa! Duk wanda a cikinku yake sha'awar zama mataimaki, ya fara koyon iyo, ya kuma tanadi tsinke mai tsawo.